Yadda Ake Aiki da Murhun Lantarki Ba Tare da An Gayyato Gobara Ba

Wadda ta tashi da murhun itace, ko risho, ko gas, idonta ne mai gadinta. In ta ga harshen wuta ta san a kunne yake, in ya mutu ta san an kashe. Murhun lantarki ba ya ba ido wannan shaidar. Farantin da zai saɓule fatar hannun yaro da wanda ya kwana a kashe kamanninsu ɗaya, baƙi wuluk, babu hayaƙi babu ƙara. Rabin haɗarinsa kuma ba a kicin yake ba, yana cikin bango, a wayar da babu mai ganinta sai ranar da ta yi wari.

Aikin wuta nake yi a Jidda, yana kuma kai ni gidajen 'yan'uwa a Makka. Sababbin gidajen haya da yawa yanzu da murhun lantarki ake samunsu, wasu masu gidajen ma ba sa yarda a hau musu bene da tukunyar gas. Tsoron gas ɗin yana da tushe: gobarar tantunan Mina ta 1997, wadda ta ci alhazai fiye da 300, daga tukunyar gas ta tashi, shi ya sa aka hana shiga da ita tantuna a lokacin aikin Hajji. To amma a daina cewa lantarki ba shi da haɗari. Nasa daban ne kawai, kuma sai an koye shi.

A fara da bayansa

Kafin a saya, ko kafin a kunna wanda aka tarar a gida, a nemi 'yar takardar da ke manne a bayansa ko a bakin ƙofar furun, wato obin. Lambobi uku ake nema. Na farko mai harafin V, wato ƙarfin wuta, ya nuna 220 zuwa 240. Na biyu mai Hz, ya nuna 60 ko 50/60, domin wutar ƙasar nan, Saudiyya, 60 ce, ta Najeriya da Nijar da Sudan da Dubai kuwa 50. Farantin girki bai damu da wannan bambanci ba, amma fankar furun da agogonsa sun damu. Na uku mai W ko kW, shi ne yawan wutar da murhun ke ja in an kunna komai lokaci guda. A riƙe wannan lambar, da ita za a yi wa mai haɗa wuta magana. A duba kuma ko kayan na da shaidar SASO, hukumar duba ingancin kaya ta Saudiyya.

Iri uku ne a kasuwa. Akwai mai farantan baƙin ƙarfe, shi ne mai araha da juriya, sai dai yana jinkirin zafi da jinkirin hucewa. Akwai mai saman gilashi wanda ke yin ja daga ƙasa. Akwai kuma mai aiki da maganaɗisu, wanda tukunyar kanta yake zafafawa. Gidan da ake tuƙa tuwo kullum da manyan tukwane, ni mai farantan ƙarfe nake ba su shawara, ko da bai kai mai gilashi kyau a ido ba.

In na hannu za a saya a haraj, wato kasuwar gwanjo, kada a biya sai an kunna kowane faranti an ji ya ɗau zafi, an ga robar da ta zagaye ƙofar furun ba ta yage ba, an kuma buɗe murfin bayan an ga wurin ɗaura waya bai yi baƙi ba. Mai gilashin da ya tsage, ko tsagar ta kai siririn gashi, a bar musu kayansu.

Haɗa wuta: wannan naka ne, maigida

Nan ne mutane suka fi yin ganganci, nan kuma zan fi daɗewa.

Soket ɗin bango mai baki uku amfiya 13 yake ɗauka, wato kimanin wat 3000. Murhu mai faranti huɗu da furun yana iya jan wat 7000 zuwa 10,000. Don haka babban murhu ba a sa masa filogi, ba a kuma jona shi da tausila, wato wayar ƙari mai soket, komai kaurin wayarta da komai yabon da mai shago ya yi mata. Layinsa yake buƙata shi kaɗai, tun daga ɗablon, wato akwatin da ke rarraba wutar gida, har kicin, ba tare da hita ko na'urar sanyaya ɗaki ko firji sun raba da shi ba. Yawanci waya mai kaurin milimita 6 ce da bireka, wato makunnin da ke faɗuwa da kansa ya yanke wuta, mai amfiya 32. In murhun babba ne ko tazarar na da nisa, milimita 10 da bireka 40 ko sama. Littafin da ya zo da murhun shi ne alƙali, ka sa mai aikin ya karanta a gabanka.

Sai ka san wace irin wuta ce a ginin. Tsofaffin gine-gine suna kan tsarin 127 da 220: waya mai rai ɗaya tana ba da 127, in an haɗa masu rai biyu a sami 220. A 2010 aka yanke shawarar mayar da ƙasar kan tsarin 230 da 400, ana kuma sauyawa a hankali, don haka yau duka biyun suna nan. Murhun 220 da aka ɗora a kan 127 kashi ɗaya cikin uku na zafinsa kawai zai bayar, uwargida ta yi ta jiran ruwa ya tafasa tana zargin kamfani. Wanda ya fi wannan muni shi ne mai aikin da ya saba da tsohon tsari ya shiga sabon gini ya haɗa masu rai biyu kamar yadda ya saba. A nan 400 zai samu, kuma murhun zai ƙone a kunnawar farko. Kada ka yarda a ɗaura waya ko ɗaya sai ka ga an auna da mita da idonka. A tsohon gini kuma, tunda wayoyin biyu duk masu rai ne, dole bireka ta zama mai yanke biyun tare. In ɗaya kawai take yankewa, murhun zai mutu amma wuta na nan a jikinsa tana jiran mai wanki.

Wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, ita ce ke kwashe wutar da ta zubo a jikin ƙarfen murhu ta kai ta ƙasa maimakon ta bi ta jikin mai girki. Tsofaffin gidaje da yawa babu ita kwata-kwata. Ka tambayi haris, wato mai gadin ginin, ko mai gidan, ka sa a gwada. Ko da akwai ta, ka sa a ƙara bireka mai jin yoyon wuta, mai miliamfiya 30. Tana da ɗan maɓalli mai harafin T. A riƙa danna shi lokaci-lokaci, in ta faɗi lafiyarta ƙalau, in ba ta faɗi ba a canza ta. Kuɗinta bai kai na cefanen mako ba.

A bango kusa da murhu, a gefe ba a samansa ba, a sa babban makunni mai yanke wutar gaba ɗaya, inda hannu zai kai ba tare da an miƙa shi ta kan tukunya ba. A ɗaure sukurorin bayan murhun tamau, domin sako-sakon ɗauri shi ke haifar da zafi har roba ta narke. In akwai ɗan ƙarfe ko sarƙar da ake kafe murhun da ita a bango, a kafa; yaro na iya hawa ƙofar furun in tana buɗe, murhun ya kifo masa da abin da ke kai. Daga ƙarshe ka rubuta "murhu" a jikin birekarsa, ka nuna wa kowa a gidan, har mai aiki da manyan yara.

Kunnawar farko

A cire duk leda da kwali da kumfar da ke ciki da waje, a wanke tire da raga da ruwan sabulu. A buɗe taga, a kunna furun babu komai a ciki a kan zafi mafi girma na minti 30 zuwa awa guda. Zai yi wari da ɗan hayaƙi, man masana'anta ne ke ƙonewa. Farantan ƙarfe su ma a kunna su babu tukunya na minti 3 zuwa 5. Bayan wannan, in ba don busar da shi na minti ɗaya bayan gogewa ba, ba a sake barin faranti a kunne babu tukunya a kai.

Tukunya da girki, uwargida

Gas yana lasar tukunya ta ko'ina, lantarki kuwa sai inda suka taɓa juna. Saboda haka gindin tukunya ya zama shafaffe, faɗinsa kuma daidai da farantin. Tukunyar dalma mai zagayayyen gindi da kika taho da ita daga gida, da tukunyar ƙasa, da tandar masa mai ramuka, ba na wannan murhun ba ne. Za su ci wuta, girki bai yi ba, farantin kuma ya yi ta zafi shi kaɗai har ya lanƙwashe ko ya tsage. Mai sana'ar masa ta nemi tandar lantarki ta daban. In murhunki mai maganaɗisu ne, ki manna maganaɗisun jikin firji a gindin tukunya. In ya kama za ta yi, in ya faɗi ba za ta yi ba. Wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya ya tambayi likitansa kafin ya riƙa tsayawa a gaban irin wannan.

Ki goge gindin tukunya ya bushe, ki ɗora, sannan ki kunna. Ki kalli zanen da ke kusa da kowane makunni ki tabbatar farantin da kike nufi shi kika kunna. Kuskuren kunna na baya a madadin na gaba shi ya fi komai narkar da robobi da ƙona tsumma a kicin. Dalili ke nan da ba a mayar da saman murhu wurin ajiya: ba leda, ba jarkar mai, ba faifai, ba wayar tulun shayi da ta ratso ta kai.

Ki fara da wuta mai ƙarfi, da ya tafasa ki rage. Sai dai ki sani in kin rage ba nan take zafin ke sauka ba, musamman a farantin ƙarfe. Madara ko kunu ko shurba in sun taso, rage wuta ba zai cece su ba. Ki ɗaga tukunyar ki mayar kan farantin da ke kashe. Wannan jinkirin yana da amfaninsa: shinkafa da ta tsotse ruwa ki kashe mata wuta minti 5 zuwa 10 kafin ta gama, sauran zafin zai turara ta. Faranti mai wat 2000 in ya yi awa guda a ƙarshen ƙarfinsa ya ci kilowat 2, wato halala 36 a farashin gidaje na halala 18 kowane kilowat, kafin haraji (halala 100 ke riyal ɗaya). Girki ba shi ke kumbura takardar wuta ba, sai in ana barin furun yana aiki a banza.

Tuwo kuma a yi masa dabara. A kan farantin ƙarfe ki tuƙa abinki, ki riƙe tukunyar da tsumma busasshe wanda bai sauko har kan farantin ba. A kan gilashi kada ki tuƙa. Nauyin muciya da gogar tukunya suna karce shi, wata rana su fasa. Ki sauke tukunyar ƙasa kan katako, ki tuƙe, ki mayar ta sulala a ƙaramar wuta. Kullum ɗagawa ake yi, ba ja ba.

Akwai wata al'ada da nake roƙon a bari: ɗora gawayin turaren wuta kai tsaye a kan murhu don ya kama. A kan gilashi yana cin saman ya bar tabo, yana ma iya tsaga shi. A kan ƙarfe kuma sai a tafi ɗaki a manta da shi. Ana sayar da ɗan ƙaramin murhun kunna gawayi na musamman, shi za a saya.

Hannun tukunya ya kalli ciki, kada ya leƙo waje. Hannun riga mai faɗi a naɗe, jelar mayafi a soke ta, domin yadin roba ba sai ya ga harshen wuta yake narkewa a fata ba. Kada a taɓa makunni da jiƙaƙƙen hannu, kada a tsaya ba takalmi a kan jiƙaƙƙen tayil. In an gama a kashe makunnin faranti, a kashe na bango. A murhun gilashi harafin H ko ɗan jan haske na nufin har yanzu da zafi. In wuta ta ɗauke ana tsakar girki, a mayar da kowane makunni sifili nan take, don in ta dawo ba sallama take yi ba.

Mai a kan wuta

Duk shekara in azumi ya gabato Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara da ceto, na jan kunne kan gobarar kicin, kuma kowa ya san dalili. Ana suyar sambusa da ƙosai da lugaimat ga gajiya ga ƙishirwa, a ji kiran salla a bar kasko, ko a ɗora abu a tafi tarawihi da niyyar dawowa da wuri, ko a ɗora na sahur barci ya sace mutum. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, sai ya ce wannan wutar maƙiyiyarku ce, in za ku yi barci ku kashe ta. Ta lantarki ma wuta ce.

Kada mai ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kasko. Suya ba ta buƙatar lamba ta ƙarshe. Zafin digiri 170 zuwa 180 ya isa, ki gwada da ɗan ƙullu, in ya taso da kumfa a hankali ya yi. Mai in ya fara hayaƙi, gab yake da kamawa da kansa ba tare da ashana ba, sai a kashe a matsar da shi kan faranti mai sanyi. In za ki fita daga kicin, ko buɗe ƙofa ne, ki kashe ki kuma matsar.

In ya riga ya kama: ki kashe makunnin bango, ki zura murfin ƙarfe ko tire daga gefe ya rufe kaskon, ko ki lulluɓa bargon kashe wuta, ki bar shi a rufe aƙalla rabin awa. Kada ki zuba ruwa ko cokali guda, zai watsa man mai ci har rufi. Kada ki watsa gari. Kada ki ɗauki kaskon ki nufi waje da shi. In wutar a cikin furun take, a kashe a bar ƙofar a rufe, rashin iska zai kashe ta. In ta fi ƙarfinki, ki kwashe yara, ki ja ƙofar kicin, ku sauka ta matakala ba ta lif ba, ki kira 911 ko 998. Bargon wuta da ƙaramar tukunyar kashe gobara a rataye su kusa da ƙofa, ba a bayan murhu ba.

Furun

Kada a shimfiɗa takardar alminiyam a ƙasansa, tana tare zafi ta lalata shi. A sa tire a ragar ƙasa ya tari abin da ya ɗiga. In za ki buɗe, ki tsaya a gefe tururi ya fara fita. Tsumma mai danshi yana kai zafi hannu nan take. Kafin a kunna a leƙa ciki, don akwai masu ajiye robobi da ragowar abinci a wurin.

Tsafta

A kashe makunnin bango, a jira murhun ya huce. Kicin ɗin nan da yawa suna da magudana a ƙasa, an saba kwarara ruwa a wanke. Kada ruwan ya taɓa bayan murhu ko ya shiga ƙarƙashinsa, kada kuma a zuba shi a sama. Tsumma mai ɗan danshi da sabulun wanke-wanke sun wadatar.

Farantin ƙarfe a goge shi, a kunna na minti ɗaya ya bushe, in ya huce a shafa masa ɗigon mai da takarda. A Jidda, inda iskar teku ke sa ƙarfe tsatsa, wannan shafawar ce ke tsawaita ransa. Gilashi kuma ba a sa masa soson ƙarfe ko garin goge tukunya. Abin da ya ƙone ya manne a kankare shi da 'yar rezar da aka yi don haka, a kwantar da ita, sannan a goge da man goge gilashin murhu ko ruwan khal. Abu ɗaya ne ba a jira ya huce: sukari. Ruwan sukarin lugaimat, ko alawa, ko robar da ta narke, in suka sandare suna ɓantarar gilashin. A kashe, a sa safar hannu, a ture su da reza zuwa wuri mai sanyi tun suna da zafi.

Cikin furun a kwaɓa hodar soda ta yin burodi (baking soda) da ruwa, a shafe bangon ban da ƙarfen da ke yin ja da fanka, a bari ya kwana, a goge. Maiƙon da ya taru a ciki da wanda ke ragar fankar zuƙar hayaƙi shi ne abincin gobara, don haka ragar nan a jiƙa ta a ruwan zafi da sabulu duk wata.

Yara, ƙuna da jan wuta

A fi amfani da farantan baya in akwai ƙanana a gida. Murhu mai maɓallan taɓawa yana da alamar makulli, a danne ta a kulle. Ƙofar furun tana zafi daidai tsayin mai rarrafe.

Wanda ya ƙone a sa wurin a ruwa mai sanyi mai gudu na minti 20. A lokacin zafi ruwan famfo a nan yakan fito da zafi saboda tankin kan rufi, sai a gwada da hannu tukuna, in da zafi a yi da ruwan jarka. Ba ƙanƙara, ba man goge baki, ba manja, ba ƙwai. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a ɓanɓare tufar da ta manne, a rufe da tsabtataccen ƙyalle marar gashi. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska, ko ta jariri, asibiti za a nufa. Lambar motar asibiti ta Hilalul Ahmar 997 ce. Wanda wuta ta riƙe kuwa kada a taɓa shi da hannu. A kashe bireka, in ba a kai gare ta ba a ture shi da busasshen katako, kuma a kai shi asibiti ko ya ce ya warware.

Ranar da za a kira mai gyara

In tukunya ko jikin murhu ya ɗan ja ki, ko kaɗan ne, kada ki ce sanyin tayil ne. Haka in bireka na yawan faɗuwa, ko ana jin warin ƙonanniyar roba, ko makunnin bango ya yi zafi ko ya canza launi, ko faranti ya ƙi raguwa duk inda aka juya shi, ko gilashi ya tsage. A kashe daga ɗablon, a bar shi a kashe har mai aiki ya zo. In ya ce maganin bireka mai faɗuwa shi ne a sa babba ba tare da an canza waya ba, a sallame shi a nemi wani, domin birekar waya take karewa, in an ƙara mata girma wayar ce za ta ƙone a cikin bango. Abin da ya shafi mita ko wayar da ta shigo ginin daga waje na kamfanin wuta ne, lambarsu ta gaggawa 933.

Mai niyyar aika irin wannan murhu ƙasarsu ta kago ya fara tambaya ko wayar gidan da mitarsa za su ɗauki wat 7000, ya kuma tabbatar takardar bayansa ta ce 50/60. Ƙaramin janareto ba zai tayar da ko furun ɗin kaɗai ba.